Ciwon Masuntan Póvoa: Gwajin da Ya Riga Magani Isowa

A gaɓar tekun Atlantika, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Porto na ƙasar Fotugal, akwai garin masunta da ake kira Póvoa de Varzim. Ya haɗe da maƙwabcinsa Vila do Conde, har baƙo ba ya gane inda wannan ya tsaya wancan ya soma. Tun kaka da kakanni mutanen wurin sun san wani ciwo da ke bin wasu gidaje yana tsallake wasu. Suna ce masa ciwon 'yan ƙafafu, domin ta nan yake shigowa. Saurayi majiyi ƙarfi, ɗan shekara 25 ko 30, sai igiyar jirgi ta yanke shi a tafin ƙafa bai ji ba, ko ya taka wuta sai ƙauri ne zai sanar da shi. Taɓi yana ji, tafiya yana yi, amma zafi da sanyi sun ɗauke masa daga yatsu.

Daga yatsu abin ke hawowa: idon sawu, ƙwabri, gwiwa, sannan hannuwa. Gyambo ya buɗe a ƙafa ya ƙi warkewa. Ciki ya rikice, yau bayan gida ya ɗaure, gobe gudawa ba ƙaƙƙautawa. Namiji ya rasa ƙarfinsa na aure, sau da yawa tun kafin a lura da sauran alamomin. Idan mutum ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi, saboda jijiyoyin da ke daidaita hawan jini sun daina aiki. Bugun zuciya ya rikice. Ya yi ta ramewa har ya zama ƙashi da rai, daga sanda ya koma keken guragu, daga keke ya koma shimfiɗa. Tsakanin alamar farko da kabari shekara 10 ce zuwa 12 ga mafi yawansu, kuma hankalin mutum garau yake har ƙarshe, yana kallon abin da ya gani a jikin mahaifinsa ko mahaifiyarsa yana maimaituwa a nasa.

Likitocin wancan zamani da suka ga ƙafa ba ta jin zafi, ga kuma gyambo, abin da ya fi saurin zo musu a rai shi ne kuturta. An sha yi wa masu wannan ciwo wannan kuskure, kuma duk wanda ya san yadda ake ƙyamar kuturu ya san abin da hakan ke jawo wa gida a wajen neman aure da zaman unguwa. Shi ya sa iyalai suka koyi ɓoyewa.

Likitan da ya ƙi yarda da sunan da aka saba

A shekarar 1939 wani likitan jijiyoyi, Mário Corino da Costa Andrade, ya duba wata mata 'yar shekara 37 daga Póvoa. Andrade haifaffen Moura ne a kudancin Fotugal, a 1906, ya yi shekaru yana aiki a Strasbourg ta Faransa kafin ya dawo gida ya kafa sashen jijiyoyi a asibitin Santo António na Porto. Abin da ya gani a jikin matar bai yi daidai da kuturta ba, bai kuma yi daidai da wata cuta da ke cikin littattafan da ya karanta ba. Da ta ce masa a garinsu abin sananne ne, kuma danginta da dama da shi suka mutu, sai ya bi sawun maganar har Póvoa. Ya shiga gida-gida yana duba marasa lafiya, yana tambayar wa ya haifi wa, wa ya mutu da me.

Aikin ya ɗauke shi sama da shekara 10. Binciken gawa ya nuna wani baƙon abu da ya taru a cikin jijiyoyi da ƙoda da sauran sassan jiki, abin da likitoci ke kira amiloyid: tarkacen furotin da ya dunƙule ya zama zare-zare, ruwan jiki ba ya narkar da shi. Idan aka shafa masa wani jan rini aka duba a madubin likita da haske na musamman, sai ya ba da launin kore. A 1952 Andrade ya wallafa bayanin marasa lafiya 74 a mujallar Brain ta Ingila, ya nuna cewa cuta ce mai zaman kanta, kuma gadonta ake yi. Har yau a Fotugal sunansa take ɗauke da shi, ko kuma a ce mata paramiloidose. Ya rasu ranar 16 ga Yuni, 2005, kwana 6 bayan ya cika shekara 99, kuma wannan rana ce ƙasar ta ware don tunawa da yaƙi da cutar.

Ya gano cutar, amma bai san daga ina tarkacen ke fitowa ba. Wannan amsa ta jira har 1978, lokacin da Pedro Pinho e Costa da abokan aikinsa a Porto suka nuna cewa zaren amiloyid ɗin daga wani furotin na cikin jini yake, wanda yanzu ake kira taranstairetin. A 1984 Maria João Saraiva, ita ma 'yar Porto, tare da abokan bincikenta suka sa yatsa a kan ainihin wurin da aka samu tangarɗa.

Taranstairetin furotin ne na kowa da kowa. Ni da kai duk muna da shi. Hanta ce ke sarrafa kusan dukkansa, aikinsa kuma dakon sinadarin maƙoshi da bitamin A a cikin jini. Yana nan kamar zaren carbi mai ƙwaya 127, kuma zare huɗu ne ke rungumar juna su zama dunƙule guda kafin ya yi aiki. A jikin mutanen Póvoa masu wannan gado, ƙwaya ta 30 ce aka musanya: inda ya kamata a sami sinadarin balin, sai aka sami metiyonin. Wannan musanya guda ɗaya tak ta isa ta sa rungumar ta yi sako-sako. Zarurrukan su rabu, su lanƙwashe ba bisa ƙa'ida ba, su manne wa juna, su je su taru a jijiyoyi. Ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da sanyi su ne suka fi rauni, mafi tsawonsu kuma su ne masu zuwa yatsun ƙafa. Ga dalilin da ya sa ciwon ke farawa daga ƙasa. Likitoci na rubuta wannan musanya da Val30Met, umarninta kuma yana cikin ƙwayar gado mai suna TTR a kan kuromosom na 18.

Da aka san wannan, gwaji ya zama abu mai sauƙi. Jini kaɗan ake ɗiba, a ciro ƙwayoyin gado, a karanta wurin. Ko musanyar tana nan ko babu. Tun tsakiyar shekarun 1980 ana iya gaya wa matashi lafiyayye, wanda ko ciwon kai ba ya yi, cewa yana ɗauke da abin da ya kashe mahaifinsa. Magani kuwa a lokacin babu ko ƙwaya ɗaya.

Sanin da ba a iya mayarwa

Mai karatu a Kano ko Zinder ya san gwajin gado ta hanyar sikila. Ana zuwa asibiti kafin aure a ji ko AA ne ko AS ko SS, kuma a jihar Kano doka ta wajabta hakan tun 2024. To amma kada a ɗauka abu ɗaya ne. Mai AS lafiyarsa ƙalau, abin da gwajin ke faɗa masa game da 'ya'yansa ne, kuma sai ya haɗu da wadda ita ma take ɗauke da irin wannan gado sannan hatsarin ke tasowa; idan ya sauya wadda zai aura, magana ta ƙare. Ciwon Póvoa ba ya buƙatar haɗuwar biyu. Kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya wadatar. Kowane ciki da aka ɗauka, rabi da rabi ne: ko ɗan ya gada ko bai gada ba, ko da wa aka aura, ko bare ko dangi. Sakamakon kuma a kan jikin wanda aka gwada yake magana, yana ce masa ga abin da ke jiranka nan da 'yan shekaru.

Sai a duba halin da 'yar shekara 20 ke ciki a Caxinas, unguwar masunta da ke tsakanin garuruwan biyu, a shekarar 1987. Tana jinyar mahaifiyarta, ita ke juya ta a gado, ita ke wanke mata gyambo. An ce mata ga gwaji. Idan ya fito babu, ta tsira, 'ya'yanta da jikokinta sun tsira, domin abin da mutum bai gada ba ba ya gadar da shi. Idan ya fito akwai, ta san shimfiɗar da take gyarawa tata ce nan gaba, kuma babu abin da likita zai miƙa mata. Mutane da yawa sun zaɓi kada su sani, kuma ban ga wanda ke da bakin zarginsu ba. Wasu kuma sun je, saboda zaman zullumi ya fi musu ciwo: kowace sagewar ƙafa bayan dogon zama, kowane ɓacin ciki, sai gaba ya faɗi a ce shi ke nan ya zo. Wasu sun je ne kawai don su yanke shawara a kan aure da haihuwa.

Masu ba da shawara a wannan fage sun lura da abin da ba kowa zai zata ba: har wanda aka ce masa ba ya ɗauke da cutar yakan shiga damuwa. Ya tsira, ƙanwarsa ba ta tsira ba, da wane ido zai dube ta? Wani kuma ya gina rayuwarsa kacokan a kan cewa ba zai wuce shekara 45 ba, bai yi karatu mai nisa ba, bai yi tanadi ba, ya ƙi aure, sai ga takarda tana ce masa tsufa na jiransa.

Sannan sakamakon mutum ɗaya ba nasa ba ne shi kaɗai. A ce kaka ta mutu da ciwon, ɗanta ya ce shi ba ya son sani, jika kuma ta kai shekarun hankali ta je ta yi gwaji. Idan aka same ta da shi, an tona asirin jinin uban ke nan ba da izninsa ba, domin ta hanyarsa kaɗai abin zai iso gare ta. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ma haka: gwajin Hassan gwajin Husaini ne. Wani lokaci kuma gwajin iyali kan fito da abin da ba a je nema ba, wato a gane cewa wanda ake kira uba ba shi ne uban ba. Na'urar ɗakin gwaji ba ta da amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara wa iyalan Fotugal nauyi. Bincike a kan zuriyoyinsu ya nuna cewa ciwon kan riga zuwa a jikin 'ya'ya fiye da yadda ya zo wa iyaye, wani lokaci da shekara 10 ko fiye, kuma abin ya fi tsanani idan ɗa namiji ya gada daga uwa. Ana samun gidan da ɗa ya kwanta tun uwar da ta gadar masa tana kan ƙafafunta.

Musanya ɗaya, ƙaddara daban-daban

Bayan rahoton Andrade sai aka fara ganin cutar a wasu wurare. A ƙarshen shekarun 1960 likitoci sun bayyana ta a arewacin Siwidin, a yankin Skellefteå da Piteå, har mutanen can ke kiranta ciwon Skellefteå. A Jafan, Shukuro Araki ya ba da rahotonta a 1968 daga garin Arao na lardin Kumamoto, daga baya aka sami wani tarin iyalai a ƙauyen Ogawa na lardin Nagano. Akwai ta a tsibirin Mayorka na Sifen, da Saifurus, da Birazil inda 'yan Fotugal suka yi ƙaura. An daɗe ana taɗin cewa ko dai mayaƙan teku na arewacin Turai ne suka kawo ta Fotugal, ko fataken Fotugal suka kai ta Jafan a ƙarni na 16. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna iyalan Fotugal da na Birazil tushensu ɗaya, na Siwidin kuwa reshe ne dabam.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai zuwa gwaji shi ne wannan: Val30Met ɗin da ke Póvoa ita ce dai a Skellefteå, harafi da harafi, amma halinta ya bambanta. A iyalan Fotugal ciwon kan tashi a wajen shekara 33, kuma kafin shekara 50 kusan kashi 80 cikin 100 na masu ɗauke da musanyar sun kamu. A Siwidin ya fi tashi bayan shekara 55, a shekara 50 wajen kashi 11 cikin 100 ne kawai suka kamu, kuma da yawa suna tsufa su mutu da wani dalili dabam ba tare da sun taɓa jin komai ba. An ma sami tagwaye 'yan ƙwai ɗaya da ciwon ya kama ɗaya ya bar ɗaya shekaru masu yawa. Ke nan takardar sakamako iri ɗaya, abin da take nufi ga ɗan Póvoa dabam, ga ɗan Siwidin dabam. Gwaji na faɗin ko akwai ko babu. Yaushe, da wane irin ƙarfi, ta wace gaɓa zai fara, waɗannan sai a duba tarihin gidan, shi ma kirdado ne.

A yau an san musanya sama da 130 a wannan ƙwayar gado. Wasu jijiya suke ci, wasu zuciya, wasu duka biyun. A wuraren da cutar ba ta da tarihi, mai ita kan zo asibiti yana da shekara 60 ko 70, ba wanda ya san wani a danginsa da ya yi irinta, sai a yi ta yi masa maganin wata cutar kumburin jijiya, ko a ɗora laifin a kan ciwon suga, shekara 3 ko 4 kafin wani ya tuna da gwajin TTR.

Abin da Fotugal ta kewaye gwajin da shi

Fotugal ba ƙasa ce mai arziki ba a ma'aunin Turai, amma a wannan fage ta yi abin koyi, watakila don matsalar a ƙofar gidanta take. Wani nazari na shekarun 1990 ya ƙiyasta cewa a Póvoa da Vila do Conde kusan mutum 1 cikin 1,000 na fama da ciwon, mutum 1 cikin 538 kuma na ɗauke da musanyar. A ƙasar baki ɗaya masu ciwon sun kusa 2,000. Tun 1960 aka kafa cibiyar nazarin cutar a Porto, a 1989 kuma aka yi doka ta musamman mai ba masu ita tallafi da kayan jinya.

A shekarun 1990 masana gado a Porto, cikinsu har da Jorge Sequeiros, suka tsara yadda za a riƙa gwada masu lafiya, suna koyi da ƙa'idojin da duniya ta shimfiɗa wa wata cutar gado mai suna Huntington. Ba a zuwa yau a ɗibi jini yau. Mutum zai zauna da likitan gado a yi masa bayani, ya ga masanin halayyar ɗan Adam, a duba jijiyoyinsa, a tambaye shi wa zai faɗa wa, me zai yi idan an ce akwai, me zai yi idan an ce babu. A kowane mataki yana da damar janyewa, har ranar da sakamako ya fito yana iya cewa a bar shi a rufe. Ba a faɗa ta waya, ba a aikawa da wasiƙa, ba a ba wa miji ko uwa. Baki da baki ake faɗa wa mai shi, kuma ana son ya zo da wanda ya amince da shi. Bayan nan ana ci gaba da bibiyarsa.

Doka mai lamba 12 ta shekarar 2005 ta mayar da yawancin wannan wajibi. Ta hana kamfanonin inshora neman sakamakon gwajin gado ko amfani da shi wajen ƙin mutum ko tsauwala masa kuɗi. Ta hana masu ɗaukar ma'aikata. Ta hana a nemi gwajin a wajen ba da riƙon yaro. Ta kuma kare yara: ciwon da sai an girma yake tashi, ba a gwada yaro a kansa don kawai iyaye na son hankalinsu ya kwanta, sai ya girma ya zaɓa da kansa. Wannan na ƙarshe yakan yi wa iyaye ɗaci, kuma ana iya fahimtarsu. Amma yaron da aka san sakamakonsa yana shekara 6, an ƙwace masa zaɓin da babansa ya samu, kuma da wuya a rene shi daidai da ɗan'uwansa da aka ce ba ya da komai. Idan aka kwatanta, dokar Amurka ta 2008 ta tsaya ne a inshorar lafiya da aikin yi, ta bar inshorar rai a buɗe.

Ga masu son haihuwa kuma, tun farkon shekarun 2000 likitoci a Porto ke haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, su duba ƙwayoyin gadon kowane ɗan tayi tun yana 'yan kwanaki, su dasa wanda bai gaji musanyar ba. Hanya ce mai wahala, ba kullum take kamawa ba, kuma ba kowa ne addininsa ko zuciyarsa ta yarda da ita ba.

Da magani ya fara isowa

Tunda hanta ce ke sarrafa furotin mai tangarɗar, me zai hana a sauya hantar? A 1990 likitoci a asibitin Huddinge da ke Stockholm suka yi dashen hanta na farko saboda wannan cuta, kuma furotin mai musanya ya kusa ɓacewa daga jinin mutumin. Fotugal ta rungumi hanyar, har ta zama cikin ƙasashen da suka fi yin irin wannan dashe. A 1995 a Coimbra, likitan fiɗa Linhares Furtado ya ƙara wata dabara: hantar da aka cire wa mai ciwon lafiyarta ƙalau in ban da wannan furotin, don haka sai a dasa wa wani dattijo mai kansar hanta wanda ba zai iya jiran layi ba. Lissafin shi ne ciwon kan ɗauki shekara 20 zuwa 30 kafin ya tashi. Lissafin bai cika daidai ba. An sami waɗanda alamomin suka bayyana musu cikin shekara 8 ko ƙasa da haka.

Dashe bai zama waraka ba. Yana tsayar da ciwon ne, ba ya mayar da jijiyar da ta mutu. Ido da ƙwaƙwalwa na sarrafa nasu furotin ɗin, don haka tarkace na ci gaba da taruwa a can, zuciya ma wani lokaci haka. Amma ya sauya lissafin gwaji gaba ɗaya. Dashe ya fi amfani ga wanda aka yi wa da wuri, kafin ya rame, kuma wanda ya san yana ɗauke da musanyar shi ne ake dubawa a kai a kai, shi ne za a kama ciwonsa tun yana yatsu.

Sai magunguna. Jeffery Kelly na cibiyar Scripps a Amurka ya yi tunanin cewa idan aka sami ƙaramin sinadari da zai shiga tsakanin zarurrukan nan huɗu ya riƙe su, ba za su rabu ba. Daga nan aka sami tafamidis, wanda babban gwajinsa ya dogara ƙwarai da marasa lafiyar Porto ƙarƙashin likita Teresa Coelho. Turai ta amince da shi a 2011 don matakin farko na ciwon, Fotugal ta fara bayar da shi a 2012 bayan masu ciwon da iyalansu sun matsa lamba. A 2018 aka amince da patisiran da inotersen, waɗanda ke tare saƙon ƙwayar gadon tun a cikin hanta, su rage yawan furotin ɗin da kusan kashi 80 cikin 100. Patisiran shi ne magani na farko a duniya da aka amince da shi daga wannan sabuwar fasaha ta toshe saƙon ƙwayar gado, kuma a gwajinsa an ga wasu marasa lafiya sun ɗan farfaɗo, abin da ba a taɓa gani ba a wannan cuta. Vutrisiran ya biyo baya a 2022, allura ɗaya duk wata 3, sai eplontersen a ƙarshen 2023. A 2021 kuma aka ba da rahoton mutum 6 na farko da aka yi wa ƙarin ruwa sau ɗaya da fasahar CRISPR don a kashe ƙwayar gadon a cikin hantarsu. A waɗanda suka sami kaso mafi yawa furotin ɗin ya ragu da kashi 87 cikin 100. Wannan har yanzu a matakin gwaji yake.

Kuɗin fa? Da patisiran ya fito a Amurka, farashinsa dala 450,000 ne a shekara. Tafamidis kuma da ya fito can a 2019, dala 225,000. A Fotugal hukumar lafiya ta ƙasa ke biya, shi ya sa shawarar da likita zai ba matashi a Porto a yau ta sha bamban da ta 1987: ka yi gwaji, idan akwai za mu riƙa duba ka, ranar da ya motsa za mu tare shi. Har yanzu zaɓinsa ne, amma ƙin sani yanzu yana da farashin da da ba shi da shi, domin jijiyar da ta lalace kafin a fara magani ba ta cika dawowa. A ƙasar da babu mai biya kuwa, ko da an kai na'urar gwajin, mutum yana nan ne a inda 'yar Caxinas take a 1987, da ƙarin baƙin cikin sanin cewa maganin yana wani wuri.

Reshen da ke Afirka ta Yamma

Wannan ƙwayar gado ta TTR tana da wata musanya da ta fi ta Póvoa yawa nesa ba kusa ba, kuma tushenta a yankinmu yake. Ana kiranta V122I, ko V142I a sabuwar ƙidaya. Likita Daniel Jacobson da abokan aikinsa suka nuna a 1997 cewa tana da yawa a baƙaƙen fatar Amurka. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun tsayar da adadin a tsakanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100, wato mutum sama da miliyan ɗaya. A 2016 suka bi sawunta a samfuran jini daga sassan Afirka, suka tarar ta fi yawa a jerin ƙasashen Saliyo, Gini, Kwaddebuwa, Burkina Faso, Gana da Najeriya. Jiragen bayi ne suka tsallaka da ita teku.

Halinta dabam ne da na Val30Met. Zuciya ta fi ci, kuma sai bayan shekara 60 take tashi: bangon zuciya ya yi kauri ya sandare, numfashi ya riƙa sarƙewa, ƙafafu su kumbura. Sau da yawa shekaru kafin nan mutum kan yi fama da sagewar yatsun hannu biyu saboda matsewar jijiya a wuyan hannu, wasu kuma ƙafafunsu ma kan sage. Ba duk mai ɗauke da ita ne ke kamuwa ba. A Amurka da Ingila likitocin zuciya sun fara neman ta da gangan a jikin dattawa baƙar fata, domin an daɗe ana ɗora ciwon nasu a kan hawan jini, kuma wasu magungunan zuciya da aka saba bayarwa ba sa yi wa mai amiloyid daɗi. Tun 2019 Amurka ta amince da tafamidis don irin wannan ciwon zuciya. Kusan duk abin da aka sani game da yadda V122I ke aiki a jikin mutum, daga jikokin waɗanda aka kwashe aka samo shi, a asibitocin New York da Boston da Landan.